Dutsen washi mai inci 12 da ya tarwatse a shagon Kawu

Injin da zan yi magana a kai ba na kamfani bane, haɗin gida ne, irin wanda duk mai walda a ƙauyukanmu zai iya haɗa maka in ka kawo masa ƙarfe da kuɗin fetur. Teburi ne na angil ayon, a samansa an ɗaure shaf mai kaurin milimita 25 a cikin boris guda biyu, fuli a tsakiya, dutsen washi a bakin shaf ɗin. A ƙasa kuma ɗan injin fetur ne irin na ban ruwa, waɗannan da ake kwaikwayon Honda GX160, shi ke ja da fambel tunda garin babu wutar lantarki. Mai shi ƙanin mahaifiyata ne, maƙeri ne gaba da baya amma yanzu walda ta fi yawa a aikinsa, shagonsa na wani ƙauye tsakanin Ringim da Taura, kuma da wannan injin yake wasa gatari da adda da fartanya da lauje, har wuƙaƙen mahauta in ranar kasuwa ta zagayo.

Shekara da shekaru dutse mai inci 6 ne a kai, ba a taɓa jin komai ba. Gab da faɗuwar damina aiki ya yi masa yawa, masu garmar shanu kowa na kawo bakin garma a wasa masa, ƙaramin dutsen kuma ya cinye ya koma kamar inci 5, sai Kawu ya shiga Kano ya sayo babba mai inci 12, faɗin bakinsa milimita 40, a ganinsa babban dutse zai fi ci kuma zai fi daɗewa. Wannan tunanin daidai ne fa, babu laifi a cikinsa. Suka ɗaura, yaron shago ya ja igiya injin ya tashi, ya ɗaga totur, ko ƙarfe ba a kai ga ɗorawa ba dutsen ya fashe. Ɓari ɗaya ya huda kwanon rumfa ya fita, ɗaya ya nutse a katangar ƙasa har sai da aka sa ƙusa aka ƙwaƙulo shi, sauran suka watse. Allah ya kiyaye babu kowa a saitin dutsen, yaron yana tsugune ta gefen injin, Kawu kuma ya juya ɗauko bakin garma.

Hukuncin da aka yanke a majalisa a ranar shine dutsen jabu ne, wasu ma har da cewa baki ne don aiki ya buɗe masa. Kawu ya tsaya a kan na farko, niyyarsa ya koma ya sayo wani mai tsada ya ɗaura a wannan shaf ɗin dai yanda yake. Ni aikina koyar da aikin ƙarfe ne, shi ya sa da na je gaishe shi ya ce in duba masa ɓaraguzan in faɗa masa wane iri zai saya wanda ba zai cuce shi ba.

Abu na farko da na nema takardar jikin dutsen ce, wannan zagayayyar da ake mannawa a gefe. An same ta a jikin babban ɓarin, ta yage amma ana karantawa: 300 x 40 x 32, sai 35 m/s, sai MAX RPM 2230. Ukun farko girmansa ne da kaurinsa da faɗin raminsa a milimita. Biyun ƙarshe kuma magana ɗaya suke yi ta hanya biyu, wato bakin dutsen kada ya wuce gudun mita 35 a daƙiƙa, kuma a dutse mai wannan girman hakan na nufin kada shaf ya wuce juyi 2,230 a minti. Na tambayi Kawu shaf ɗinsa juyi nawa yake yi, ya ce "yo ni ina na sani, ɗan nan, yana dai gudu." Kuma gaskiyarsa, ba shi kaɗai ba, cikin masu irin wannan injin da wuya ka samu wanda ya taɓa lissafawa, ana dai duba fulin da ya samu a kasuwa ramin ya shiga shaf shikenan.

To lissafin bai da wuya. Irin wannan injin an yi shi ne ya yi aiki a juyi 3,600 a minti. Fulin da ke jikin injin inci 5 ne, na jikin shaf inci 4. Duk sanda fulin da ke ja ya fi wanda ake ja girma to gudu ƙaruwa yake, sai ka ninka 3,600 da 5 ka raba da 4, ya ba ka 4,500. Don kada ya zama maganar takarda ce kawai, na sa aka cire hular fulogi, muka yi alama da alli a fuli biyun, yaron yana juya na injin da hannu yana ƙirgawa ni ina ƙirga na sama. Na ƙasa ya yi goma, na sama ya yi sha biyu da rabi. Wannan gwajin na alli ya ma fi awo da tef inganci don bel ba a leɓen fuli yake zama ba, a cikin kwarin yake, wani lokacin in bel ya ci ko kwarin ya faɗaɗa sai awon waje ya yaudare ka.

Sai kuma wani abu da ban so gani ba. A jikin gwamnan injin, wato abin da ke hana shi wuce gudun da aka tsara masa, an ɗaure sifirin da 'yar waya an ƙara masa tauri, tun wajen wanda ya sayar masa da shi na hannu, wai don ya ƙara ƙarfi. Muka aro na'urar auna juyi wajen wani mai gyaran janareta a Ringim, 'yar ƙarama da ake naɗa wayarta a jikin wayar fulogi, muka cire bel muka tada injin shi kaɗai, totur a ƙarshe ya nuna wajen 4,000. Kenan a ranar da abin ya faru shaf ɗin 5,000 yake yi ba 4,500 ba, a kan dutsen da aka rubuta masa 2,230.

Anan ne mutane ke raina abin, sai ka ji an ce to ai ninki biyu ne da ɗan kai, dutse kuma ba ƙwai ba. Dutsen washi ba dunƙulallen dutse bane, tsakuwar yashi ce mai kaifi aka haɗa da wani irin yumɓu aka gasa a wuta, yana da ƙarfin jure dannawa amma ba ya jure ja. In yana juyawa kowace ƙwaya a jikinsa so take ta fice waje, kamar dutse a majajjawa, abin da ke riƙe da ita wannan gasasshen haɗin ne kawai. Kuma ƙarfin jan ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu, in gudu ya ninka biyu shi ninkawa huɗu yake, in ya ninka uku ya zama tara. Namu 5,000 a kan 2,230 ya kama 2.24, ka ninka shi da kansa ka samu 5. Wato dutsen yana ɗauke da jan da ya ninka abin da aka yarje masa sau biyar. Kewayen dutse mai milimita 300 mita 0.94 ne, a juyi 5,000 bakinsa na gudun mita 78 a daƙiƙa, sama da kilomita 280 a awa, kuma da wannan gudun ɓarin yake barin shaf. Kamfanonin kirki suna gwada dutse a gudun da ya wuce wanda suka rubuta kafin su fitar da shi, amma rarar nan an bar ta ne saboda ɗan tsagewar da ido bai gani da girgiza da dannawar mai aiki, ba an bar maka ita ka ci bane. Ko dutsen da ya fi kowanne tsada a Kano aka ɗaura a shaf ɗin nan ni ba zan tsaya a gabansa ba.

Kawu ya kawo hujja mai kyau, ya ce to me ya sa ƙaramin bai taɓa fashewa ba alhali injin ɗaya ne fuli ɗaya ne. Amsar tana cikin girman. Akwai gajeriyar hanya da nake ba ɗalibai: ka ɗauki mita a daƙiƙa da aka rubuta, ka ninka da 19,100, ka raba da girman dutsen a milimita, abin da ya fito shine iyakar juyinsa a minti. Dutse mai milimita 150 a kan mita 35 zai ba ka wajen 4,450, mai 200 wajen 3,340, mai 300 kuma 2,230. Duk yumɓu ɗaya tsakuwa ɗaya, amma babba dole ya juya a hankali don bakinsa tafiya mai nisa yake yi a kowane zagaye. Ƙaramin dutsen Kawu tun yana sabo a bakin iyaka yake, in an ƙure totur ma ya ɗan haura, sa'ar da aka ci ita ce ba kullum ake ƙurewa ba kuma yana cinyewa yana ƙanƙancewa, da ya dawo milimita 125 ko a 5,000 mita 33 yake yi. Shekarun da aka yi lafiya su suka sa aka ɗauka shaf ɗin zai karɓi kowane dutse.

Da muka cire noti sai ga matsala ta biyu, wadda ko gudun daidai ne ita kaɗai ta isa ta jawo tsiya. Ramin dutsen milimita 32, shaf 25, sai aka yanko gwangwani aka nannaɗe aka cusa don ya cike. Gwangwani ba zai taɓa zaunar da dutse a tsakiya cif ba. Dutsen nan ya kai kilo 6, in ya kauce daga tsakiya da milimita ɗaya tak, a juyi 5,000 yana fizgar shaf da ƙarfin da ya haura nauyin kilo 160, kuma fizgar tana zagayawa sau tamanin da wani abu a kowace daƙiƙa. Ko a 2,000 ma wajen kilo 27 ne. Yaron ya ce lallai kafin ya fashe teburin har tafiya ya fara yi a ƙasa. Sannan abin da ya matse dutsen wosha biyu ne 'yan ƙanana na bol, ɗaya ma ta fi ɗaya girma, an ɗaure noti da sufana har da ƙara bututu. Tsagewar dutse daga bakin rami take farawa saboda nan ne jan ya fi taruwa, kai kuma ka zo ka ƙara masa matsi a daidai wurin da ƙarfe tsirara. Ƙa'ida ita ce faranti biyu masu girma ɗaya, kowanne faɗinsa ya kai aƙalla kashi ɗaya cikin uku na dutsen, wato milimita 100 a namu, an ɗan rarake tsakiyarsu yanda gefen kawai zai kama, kuma a sa takarda mai kauri tsakanin faranti da dutse. Takardar nan da ake gani a jikin sabon dutse aikinta kenan, ba ado bace, kada a ɓare ta.

Muka zo maganar gyara, nan muka ɗan ja da Kawu. Shawararsa ta farko a bar komai yanda yake a dinga rage totur. Na ce Kawu mu lissafa, rabin gudun injin 1,800 ne, ka ninka da ɗaya da kwata ya zama 2,250, har yanzu ka haura. Sai dai in a sulo za a bar shi, a sulo kuma kana ɗora bakin garma zai mutu. Ko da lissafin ya ba da dama ma ban yarda da tsaron da ya dogara da hannun mutum ba, yau kai ne gobe yaro ne, jibi wani ya zo aro kana masallaci, ga totur ɗin waɗannan injinan da girgiza kaɗai ke matsar da shi. Ana lissafi ne da iyakar abin da injin zai iya yi ba kaya a kansa, ba da gudun da kake niyyar aiki da shi ba. Shawara ta biyu a juya fulin, ƙaramin ya koma ƙasa babban ya hau sama. Wannan ta fi ta farko hankali amma 4,000 sau 4 raba 5 ya ba da 3,200, bai isa ba, ga shi ramukan fulin ma ba ɗaya ba.

Abin da muka tsaya a kai shine fuli mai inci 3 a injin, mai inci 6 a shaf, rabi kenan cif. Ko gwamna ya sake haukacewa ya kai 4,000 shaf ba zai wuce 2,000 ba, a 3,600 kuma 1,800 ne, bakin dutse na yin mita 28 a daƙiƙa, wanda ya ishi wasa kowane irin ƙarfen noma. Aka kwance wayar da ke jikin gwamna aka mayar da sifirin ramin da yake tun asali. Faranti biyu da zoben da zai cike tsakanin 25 da 32 kuma aka kai wa masu injin sassaƙa ƙarfe a Kano suka fitar daidai awo. Kawu ya yi ta mita a kan kuɗin wannan, yana cewa wosha ce fa kawai ake sayar masa da tsada, amma ya biya.

Murfi shi ya haɗa da kansa kuma ya yi kyau, falan ƙarfe mai kauri ba langa-langa ba, ya rufe dutsen ta baya da sama da gefe biyu har da kan noti, kwata kawai aka bari a buɗe ta gaba. Ya sa 'yar madogara da ake ɗora ƙarfe a kai, na ce tazararta da dutse kada ta wuce milimita 3 kuma a dinga matso da ita in dutse na cinyewa, don in lauje ya faɗa tsakanin madogara da dutse to ko dai ya fasa dutsen ko ya tafi da yatsa.

Sabon dutsen da ya sayo kafin a ɗaura na rataye shi a yatsa ta ramin, na ƙwanƙwasa shi a hankali da ƙotar sukundireba ta roba, wuri huɗu, ina juyawa. Lafiyayye yana yin ƙara mai zaƙi da ɗan jan amo, mai tsagewa kuma sai ka ji ƙwaf kawai. Dole ya zama a bushe yake kuma ba datti, in ba haka ba amon zai ruɗe ka. Kawu da kunnensa na maƙeri ya fi ni jin bambancin ma, don da haka suke gane tsagaggen gatari. Bayan an ɗaura aka juya da hannu aka ga ba ya taɓa murfi, kowa ya koma gefe, aka tada aka bar shi minti ɗaya cur yana gudu ba kowa a saitinsa. Gwajin alli ya ba da goma a ƙasa biyar a sama.

Tunda ina wurin na duba sauran kayan shagon, kuma abin da na gani a ƙaramin injin yankan ƙarfe na hannu ya fi ba ni tsoro, don shi a kusa da fuska ake riƙe shi. An cire masa murfi an ɗaura faifai mai inci 7 saboda ya fi kaiwa ciki in ana yanka bututu. A jikin injin an rubuta 11,000. Faifan yanka suna jure mita 80 a daƙiƙa don akwai raga a cikinsu, shi ya sa za ka ga jan layi ya ratsa takardar wasu, a tsarin Turai ja 80 ne, ruwan ɗorawa 63, shuɗi 50. Amma mita 80 ɗin a faifai mai milimita 115 shine 13,300, a mai 180 kuma 8,500 ne kacal, mai 230 ya sauko 6,600. Inci 7 a kan injin 11,000 ya haura mita 100. Murfin da ake cirewa shi ke hana faifan da ya fi ƙarfin injin shiga tun farko. Kuma faifan nan suna da wa'adi, ana buga wata da shekara a zoben ƙarfen da ke tsakiya, yawanci shekara uku daga yin su, don gam ɗin da ya haɗa su yana lalacewa, balle wanda ya sha zafin rumfar kwano da laimar damina. Yaron ya ce shi bai taɓa lura akwai rubutu a wurin ba.

Wani abu da yaron ya tambaya kuma tambayar ta yi ma'ana, wai tunda an rubuta iyaka to a dinga gudu daf da ita kenan don aiki ya yi sauri. A'a, lambar jiki tana faɗa maka inda abu zai iya fashewa ne, gudun da aiki ke so daban yake kuma sau da yawa yana ƙasa sosai. Bakin dirila mai milimita 12 ba zai tarwatse a juyi 3,000 ba, amma in baƙin ƙarfe kake hudawa wajen 650 yake so, ka wuce haka ya yi shuɗi ya dakushe nan take. Haka lauje, in ka danna shi a dutse har bakinsa ya canza launi ka kashe masa taurin da maƙeri ya ba shi.

Ɗaya bakin shaf ɗin har yanzu babu komai a kai. Kawu yana so ya ɗaura burushin waya na kankare tsatsa, wani lokacin kuma yana maganar zarto mai zagaye don yanka katako. Burushi na ce ya duba lambar jikinsa, in ta haura 2,000 da rara ya ɗaura, tunda duk abin da ke kan shaf ɗaya gudu ɗaya suke yi kuma wanda lambarsa ta fi ƙanƙanta shi ke yanke wa sauran hukunci. Zarto kuwa na ce sam, ba don gudu ba, shi ma'aunin gudun zai iya ba da dama, amma babu tebur babu murfi babu abin da zai hana katako dawowa kan mutum, wannan wani injin ne daban. Bai ce ya yarda ba bai ce bai yarda ba. Abin da ya fi damunsa yanzu shine in babban dutsen ya cinye ya dawo inci 8 zai rage ci, yana so a ajiye tsohon fulin kusa don a mayar. Na ce in lokacin ya yi a auna dutsen a sake lissafi da 19,100 ɗin nan a ga wane fuli ya dace, ba a mayar da tsohon kai tsaye ba, don inci 8 iyakarsa 3,340 ce, tsohon haɗin kuma ko gwamna na lafiya 4,500 yake bayarwa. Kafin nan dai yaron ya ɗauko fenti ya rubuta 2,000 a jikin murfin, da girman fuli biyun a ƙasansa, saboda duk wanda zai ɗaura wani abu ya gwada da lambar da ke jikin abin tukunna.